Gemun malamin da ba shi da gemu

Yaran da ke da shekara uku ko huɗu lokacin yunwar 2005 a ƙauyukan Agye, Gazawa da Gidan Rumji, yanzu sun zama magidanta da matan aure. Nan gaba wurinsu ƙungiyoyin raya al'adu za su je neman labarin waccan shekara, kamar yadda ake neman labarin El Buhari, yunwar 1984 zuwa 1985, a bakin waɗanda suka riske ta suna ƙanana. Sai dai tunawar ƙaramin yaro tana da nata tarihi.

A shekara ta 1900, Alfred Binet ya wallafa littafi a Faransa a kan yadda ake cusa wa ɗalibi tunani, inda ya nuna cewa siffar tambaya kan sauya amsa. A 1911, wani masani a Beljiyam, mai suna Varendonck, ya bayyana gwajin da ya yi dangane da wata shari'ar kisan kai da aka jingina a kan shaidar yara. Ya tambayi ɗalibai 18 masu shekara bakwai launin gemun wani malamin makarantarsu. Goma sha shida suka ce baƙi ne. Malamin kuwa ba shi da gemu ko kaɗan. Yaran ba ƙarya suka shirya ba. Babba ne ya yi tambaya, tambayar kuma ta riga ta ajiye gemu a haɓar malam.

Masanin tunanin yara Jean Piaget ma bai tsira ba. Ya daɗe yana tuna ranar da wani mutum ya so sace shi a birnin Paris yana cikin shekararsa ta biyu, har da yakushin da mai renonsa ta samu a fuska wajen kare shi. Yana ɗan shekara 15 matar ta rubuto wa iyayensa cewa ƙage ta yi, ta kuma mayar da agogon da aka ba ta tukuici. Hirar gida ce ta zana masa hoton.

A 1995, Leichtman da Ceci suka gwada abin a Amurka. Wani baƙo ya shiga aji na minti biyu, bai taɓa komai ba. A cikin ƴan shekara uku zuwa huɗu da aka riga aka gaya wa cewa mutumin maɓarnaci ne, aka kuma yi ta yi musu tambayoyi masu jan baki, kashi 72 cikin ɗari sun ce ya yaga littafi ko ya ɓata abin wasa, kashi 44 suka ce da idonsu suka gani. Yaran da aka bari suka ba da labari da kansu, kuskurensu kaɗan ne.

A ƙasar Hausa, inda aka hori yaro da kada ya musa wa babba, wannan ya fi nauyi. Malamin da ya ce wa ɗalibi: «Wane ne ya ɗauki allon, ko ba haka ba?» ya riga ya yanke hukunci. Haka mai tattara tarihi da ya isa Tibiri ya ce: «Kin tuna ranar da aka kai ku asibiti?» Matar tana iya amsawa da gaskiyar zuciyarta, alhali muryar uwarta ce ke magana, wadda ta sha maimaita labarin a tsakar gida. Labarin uwar ma shaida ne mai daraja, amma a rubuta shi da sunan wadda ta gani.