Yadda aka tsunduma Hausawan Sudan cikin rigimar ƙasa

Kakannin Hausawan Sudan masu wucewa ne. Alhazan ƙasa ne da ke yada zango su yi noma, su tara guzuri, su nufi Sawakin su haye teku zuwa Jidda. Ayari mafi girma ya biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a gabas, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sennar. Da aka buɗe gonakin audugar Jazira a 1925, gumin waɗannan baƙi, da ake kira Takari, ya shiga cikinsu sosai.

Turawa sun so hannunsu a gona, amma dokar zama ɗan ƙasa ta 1948 ta gindaya sharaɗin cewa sai wanda kakanninsa ke Sudan tun kafin 1898. Nan tushen cutar yake. Mutum ya haifi 'ya'ya da jikoki a bakin Nilu, ya binne iyayensa a can, amma a takarda, a ƙarƙashin waccan doka, baƙo ne. Wanda kuwa ba shi da sarautar gargajiya a Sudan, ba shi da bakin magana kan ƙasar noma.

Shi ya sa Hausawan jihar Nil Azrak suka nemi masarautarsu bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta Juba ta Oktoban 2020, lokacin da tsoffin 'yan tawaye da sarakunan yankin ke kokawar iko. Kowane ɓangare ya auna buƙatar da ma'aunin siyasarsa. A Yulin 2022 faɗa ya ɓarke tsakaninsu da ƙabilun Funj da Barta a Rusairis da kewaye, aka kashe sama da mutum 100. Hausawa suka fito zanga-zanga a Kasala da Gadarif, na Hartum kuma 'yan sanda suka tarbe su da barkonon tsohuwa. A Oktoba jini ya sake kwarara a Wad al-Mahi, fiye ma da na farko. Manoma ne suka mutu a rigimar da manya suka hura, abin da har yau yake ci mini rai.

Ba a kai ga sasanta wannan ba sai yaƙin sojojin Sudan da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF ya tashi a 15 ga Afrilu, 2023, ya mamaye unguwannin talakawa na Hartum da Umdurman ba tare da tambayar ƙabilar kowa ba. A Dar Salam, yammacin Umdurman, harin jirgin sama na 8 ga Yulin shekarar ya hallaka aƙalla mutum 22.