Aikatau Querer a Sifaniyanci: Shin Da Gaske Ya Saɓa Ƙa'ida?

Littattafan koyar da Sifaniyanci sun saba jera querer, aikatau na so da bukata, cikin waɗanda suka saɓa ƙa'ida. Hujjarsu ita ce siffofinsa shida na lokacin yanzu: quiero, quieres, quiere, queremos, queréis, quieren. Huɗu daga ciki suna da tagwan wasali ie a saiwa, biyu kuma sun riƙe e. Sai a ce wa ɗalibi ya haddace kawai. A ganina wannan hukunci ya yi gaggawa. Sauyin yana bin doka tsayayya, kuma wahalar aikatau ɗin tana wani wuri dabam, wato cikin abin da ke biyo bayansa a jimla.

Dokar ita ce nauyin furuci. Kowace kalmar Sifaniyanci tana da gaɓa ɗaya da ake dannawa fiye da sauran. A quiero, quieres, quiere da quieren nauyin yana kan saiwa, sai wasalin ya tsage ya zama ie, a ji kamar "kyero". A queremos da queréis nauyin ya koma kan ɗafa-ƙeya, saiwa ta zauna yadda take. Tushen wannan yana cikin Latin. Querer ya fito daga quaerere, mai ma'anar nema ko tambaya. A bakin talakawan daular Rum ae ya narke ya zama buɗaɗɗen e, kuma a ƙasar Kastila ta Sifaniya galibi irin wannan wasali da nauyi ya faɗa kansa ya rikiɗe ya koma ie. Haka caelum ya zama cielo, sama, terra ya zama tierra, ƙasa. Abin da ya sami quaero, har ya zama quiero, bai wuce wannan ba.

Shaida mafi ƙarfi tana Ajantina da Uruguwai, inda ake cewa vos a maimakon tú wajen magana da aboki. Mutumin Madrid zai ce tú quieres, mutumin Buenos Aires ya ce vos querés. Mutum na biyu ne tilo a duka biyun, ma'ana ɗaya, amma da nauyin ya matsa gaɓar ƙarshe sai ie ya ɓace. Da sauyin yana manne da wakilin suna, da bai ɓace ba. Siffar queréis kuwa, ta vosotros, wato "ku", kusan ba a jin ta a maganar yau da kullum a Latin Amurka, can ustedes quieren ake cewa ga kowa, babba da yaro. Mafi yawan masu harshen da siffofi biyar suke rayuwa.

Mai suka zai ce ai ɗalibi ba ya iya gane aikatau mai tsagewa daga ganin sa, tun da deber yana ba da debo ba tare da ie ba. Wannan gaskiya ne, domin wasalin deber dogo ne a Latin, bambancin da rubutun yau ya shafe. Zai kuma ƙara da cewa querer yana da siffofi baƙi a wasu lokuta, kamar quise a shuɗaɗɗe da querré a mai zuwa. Na yarda. Amma abin haddacewa a lokacin yanzu abu ɗaya ne tak: wannan aikatau yana cikin masu tsagewa. Wanda ya riƙe haka ya sami tsarin pensar, entender, perder da empezar a kyauta.

Yanzu ga inda ake tuntuɓe. In mai so shi ne mai aikatawa, aikatau na biyu yana zuwa a tsirararsa: quiero comer, ina so in ci abinci. In kuwa wani ake so ya aikata, dole a saka que sannan a juya aikatau zuwa sigar fata, wadda nahawunsu ke kira subjuntivo: quiero que comas, ina so ka ci. Bahaushe yana da riba a rabi na biyu, domin "ka ci" ɗinmu aikin comas yake yi, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Tarkon yana rabi na farko. Hausa tana amfani da siga ɗaya a "ina so in tafi" da "ina so ka tafi", don haka harshe zai ja shi ya ce quiero que vaya yana nufin kansa. Mai sauraro zai ɗauka wani yake so ya tafi. Daidai shi ne quiero ir.

Sai batun ƙauna. Idan karɓau mutum ne sananne, ana saka harafin a kafin sunansa, ma'ana ta koma soyayya: quiero a mi madre, ina son mahaifiyata. Cire wannan ƙaramin harafi yana sauya magana. Quiero un médico likita ake nema, ko wane ne, amma quiero al médico yana iya zama zancen zuciya. Te quiero kuma ana faɗa wa mata, da ɗa, da aminin ƙuruciya, ba shi da nauyin te amo. Abin lura ne cewa Faransanci da Italiyanci sun gaji nasu aikatau na so, vouloir da volere, daga wani aikatau na Latin, velle, yayin da Sifaniyanci da Fotugisanci suka bar shi suka ɗora wa aikatau na nema wannan kaya.

Akwai kuma ladabi, wanda jadawalin siffofi ba ya koyarwa. Quiero un café jimla ce daidai, amma ga baƙo a wurare da yawa, musamman a Latin Amurka, tana iya fita da kaushi, shi ya sa ake sassauta ta da quisiera ko quería. Juya ta tambaya kuwa, kaushin ya tafi: ¿quieres café? tayi ne, ¿quiere sentarse? gayyata ce ga dattijo ya zauna. Har sararin sama ana ba shi wannan aikatau: idan hadari ya haɗu sukan ce quiere llover, kamar yadda za mu ce ruwa yana neman sauka.