Dawakin da ke cikin injin mota: tarihin ma'aunin da ya fara daga talla

A tashoshin motar Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura, musun direbobi ba ya ƙarewa. Wani ya ce Golf ta fi kowace mota zafi, wani ya ce Sharan ce uwar lodi, dattijo kuma ya ce tun da Peugeot 504 ta tafi ba a sake yin mota ba. Idan musu ya yi zafi sai wani ya zaro waya ya karanto lamba: wannan dokinta 75, waccan 130. Daga nan sai a ga kamar an raba gardama. To amma wane doki ake nufi, kuma wa ya auna shi? Amsar tana da amfani ga duk wanda zai sayar da shanu ko amfanin gona ya zuba kuɗin a motar haya, domin lambar nan ta sha canja ma'ana tun ranar da aka ƙirƙiro ta.

Dabarar ɗan kasuwa

James Watt, injiniya ɗan ƙasar Sikotlan, shi ne ya inganta injin tururi, kuma ya yi rajistar fasaharsa a 1769. Shi da abokin kasuwancinsa Matthew Boulton na garin Birmingham sun fara sayar da injinan ga masu haƙar ma'adinai. Tsarin biyansu shi ne su karɓi kashi ɗaya bisa uku na kuɗin gawayin da sabon injin ya rage wa mai shi, idan aka kwatanta da tsohon inji. Da suka juya ga masu niƙa da sauran masana'antu sai tsarin ya cije, saboda waɗannan dawakai ne ke juya musu na'ura, ba su da tsohon injin da za a kwatanta da shi. Tambayarsu ɗaya ce: injin nan naka dawakai nawa zai sallama?

Wajen 1782 Watt ya yi lissafi. Ya ɗauka cewa dokin niƙa yana zagaya da'ira mai nisan ƙafa 12 daga tsakiya sau 144 a awa ɗaya, yana ja da ƙarfin nauyin fam 180. Sakamakon ya haura 32,000 kaɗan, sai aka cike shi zuwa 33,000: wato ɗaga nauyin fam 33,000 sama da ƙafa ɗaya cikin minti ɗaya. Wannan shi ne ƙarfin doki ɗaya.

Mu kawo shi gida. A ce ga rijiya mai zurfin mita 30, ga jarka mai lita 25 cike da ruwa a ƙasanta. Duk abin da ya fito da jarkar nan bakin rijiya cikin sakan 10, ya yi aiki da kusan ƙarfin doki ɗaya. Ke nan ma'aunin bai tsaya ga nauyin da aka ɗaga ba, har da saurin da aka ɗaga shi. Jaki ma zai fito da jarkar, sai dai a jira shi.

Dokin gaske fa? Wasu masana biyu, Stevenson da Wassersug, sun nuna a mujallar Nature a 1993 cewa ƙaƙƙarfan doki kan iya kai wa kusan ƙarfin doki 15 na 'yan sakanni. Ingarman da ke sukuwa a hawan sallar Kazaure ya ninka dokin Watt sau da yawa a wannan ɗan lokacin. Abin da Watt ya auna shi ne dokin da zai wuni yana aiki.

Kowace ƙasa da nata dokin

A ma'aunin lantarki, dokin Watt ya kama wat 746 ne, kuma ita kanta kalmar wat daga sunansa aka samo ta. Ƙasashen Turai masu aiki da mita da kilo sai suka yi nasu: ɗaga kilo 75 sama da mita ɗaya cikin sakan ɗaya, wanda ya kama wat 735.5. Shi ne Jamusawa ke rubutawa PS. Bambancin bai kai kashi 2 cikin 100 ba, amma yana nan. Golf da ta fito daga Jamus da Corolla da ta fito daga Amurka ba da doki iri ɗaya aka auna su ba.

Yadda ake awon ma tarihi ne da shi. A 1821 Bafaranshe Gaspard de Prony ya ƙirƙiro na'urar da ke matse sandar da inji ke juyawa da birki, a auna yawan turjiyar da injin zai iya rinjaya. Daga nan aka samu haruffan bhp, wato dokin da aka auna da birki. Na'urorin gwaji na yau sun fi wannan nisa, amma tunanin bai canja ba.

Sai gwamnatoci suka shigo da nasu dokin, na haraji. A Ingila, tsarin da aka fara a 1910 faɗin silinda da yawansu kawai yake dubawa, bai damu da ainihin ƙarfin injin ba. Faransa ma ta yi nata lissafin. Citroën 2CV da ta fito a 1948, ma'anar sunanta dawakai biyu, alhali ainihin ƙarfinta 9 ne. Wannan gadon yana nan a Nijar, wadda ba ta da nisa da Babura: lambar CV da ke kan takardar mota a can ta haraji ce. Peugeot 504 mai injin lita 2, irin wadda kamfanin PAN ya fara haɗawa a Kaduna a 1975, dokinta na haraji 11 ne a tsarin Faransa, ainihin ƙarfinta kuwa ya haura 90. Wanda ya ga 11 ya zaci kurar ruwa ce, ya yi kuskure.

A Amurka kuma, har zuwa 1971 kamfanoni na auna inji tsirara, ba matatar iska, ba cikakkiyar salansa, ba sauran kayan da ke cin ƙarfinsa a cikin mota. Shi ya sa Volkswagen Beetle mai injin 1200 take da 34 a Jamus amma 40 a Amurka, inji ɗaya. Daga 1972 aka koma auna inji da kayansa, lambobi suka faɗi. An sake tsaurara ƙa'idar a tsakiyar shekarun 2000, har Corolla mai lita 1.8 da ake rubuta wa 130 a 2005 ta koma 126 a 2006 ba tare da an taɓa injin ba.

Golf da tarakta

Ko da an daidaita ma'auni, lambar doki rabin labari ce. Ƙarfin inji haɗin abu biyu ne: ƙarfin murɗawa, da yawan juyin da injin ke yi a minti ɗaya. Idan aka ninka ɗaya da ɗaya sai a samu ƙarfin doki. Saboda haka inji biyu za su iya isa lamba ɗaya ta hanyoyi daban.

Golf 3 mai lita 1.6 tana da doki 75. Tarakta Massey Ferguson 375, wadda manoma suka sani sarai, ita ma 75 gare ta. Golf sai injinta ya haura juyi 5,000 a minti kafin dawakan nan su cika. Tarakta kuwa da injinta na dizal mai sama da lita 4, a wajen juyi 2,200 take cika nata, kuma ƙarfin murɗawarta ya ninka na Golf fiye da sau biyu. Ɗaura wa Golf garma ka ga ikon Allah. Haka kuma tarakta ba za ta bi Golf a titin Kano zuwa Daura ba.

Ga wanda zai yi lodin kasuwa a hanyoyin ƙauyukan Roni masu duwatsu, ko inda yashi ya yi yawa, ƙarfin murɗawa a ƙaramin juyi da tsarin giya su ne abin dubawa. Ga mai jigilar fasinja tsakanin Kazaure da Kano a kan kwalta, lambar doki ta fi tasiri, musamman wajen wuce babbar mota.

Nauyi, zafi da tsufa

Akwai wasu abubuwa uku da takardar kamfani ba ta faɗa. Na farko nauyi. Golf 3 da direbanta sun kai wajen kilo 1,100, wato kowane doki na jan kusan kilo 15. A ƙara mata fasinja da buhunan gero na kilo 700, kowane doki ya koma jan kilo 24. Mota ɗaya ce, amma ta zama wata dabba daban a kan tudu da kuma wajen taka birki.

Na biyu zafi. Ƙa'idar Amurka tana daidaita awo ne a kan iska mai zafin digiri 25, tsohuwar ƙa'idar Jamus kuma 20. A watan Afrilu zafi kan kai 40 a yankinmu. Iska mai zafin 40 ta fi ta 25 sakayau da kusan kashi 5 cikin 100, kuma inji da iska yake ƙona mai. Idan ƙurar hunturu ta toshe matatar iska, sai asarar ta ƙaru.

Na uku tsufa. An daina ƙera Golf 3 ta yau da kullum tun ƙarshen shekarun 1990. Lambar da ke intanet ta sabon inji ce, ba ta wanda ya yi shekaru a Turai, ya biyo ta Kwatano, sannan ya yi wasu shekarun yana lodi a nan ba. Bakanike zai iya auna matsin kowace silinda da ƙaramar na'ura, kuma wannan awon ya fi lambar kamfani faɗa maka halin da injin yake ciki.

Don haka idan dillali ya ce maka motar nan dokinta kaza, tambaye shi abu huɗu: da wane ma'auni, a juyi nawa, nauyin motar nawa, kuma injin shekararsa nawa yana aiki. Abokan cinikin Watt sun san aikin da suke so a yi musu kafin su tambayi yawan dawakai. Mai sayen mota ma gara ya fara da hanyar da zai bi da kayan da zai ɗauka, sannan ya duba lamba.