Tarihin Neman Feftaid Mai Bin Sawun Sankarar Mama

Feftaid gajeriyar sarƙa ce ta amino asid. Burin masu bincike shi ne su samo wadda za ta bi jini ta manne wa ƙari kaɗai, ta kai masa magani, sauran jiki ya tsira daga dafinsa.

Galibi ana ɗauko labarin daga 1985, lokacin da George Smith na Jami'ar Missouri ya nuna za a iya liƙa feftaid a jikin faj, bairas mai kama bakteriya. Aikin ya jawo masa kyautar Nobel a 2018. Amma juya dabarar zuwa ga ƙari aikin ɗakin binciken Erkki Ruoslahti ne a La Jolla, Kalifoniya. A 1996 shi da Renata Pasqualini suka yi wa ɓeraye allurar tarin faj masu ɗauke da feftaid iri-iri, suka jira 'yan mintuna, suka tattara waɗanda suka maƙale a gaɓar da ake so, suka hayayyafa su, suka maimaita. A 1998, tare da Wadih Arap, suka ɗaura doxorubicin, jan maganin nan da ake ɗura wa masu sankara, a kan feftaid RGD da NGR. Ɓeraye masu ƙari da aka ba su wannan haɗin sun fi daɗewa a raye, illar maganin kuma ta ragu. A 2002 Pirjo Laakkonen ta samo feftaid LyP-1, mai amino asid 9.

A nan ne riwayoyi suka saɓa. Ƙarin da aka dasa wa ɓerayen 1998 da 2002 ya fito ne daga ƙwayoyin MDA-MB-435, waɗanda kowa ya ɗauka na sankarar mama ne. A 2000 aka fara shakku, a 2007 kuwa James Rae da abokan aikinsa suka nuna cewa ƙwayoyin sankarar fata ne da ake kira M14. Sakamakon bai rushe ba, domin feftaid ɗin sun kai ga ƙari, amma kiransa nasara a kan sankarar mama ya wuce abin da hujja za ta ɗauka, ga shi har yau ana kwafar wannan da'awa.

Shekarar da ta fi cancanta da wannan da'awa ita ce 2010, lokacin da Kazuki Sugahara ya haɗa feftaid iRGD da maganin trastuzumab a ɓeraye masu ƙarin mama na ainihi, maganin ya ƙara kutsawa ciki. Gwajin iRGD a jikin mutane kuwa ya fi karkata ga sankarar fankiriyas.