Bugunan wasan Dungeons & Dragons

Dungeons & Dragons wasan kwaikwayo ne na kan tebur wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka ƙirƙira, kamfanin TSR ya fara buga shi a Amurka a shekarar 1974. A wasan, kowane ɗan wasa yana ɗaukar matsayin jarumi guda, mutum ɗaya kuma yana jagorantar labarin, sannan a jefa ɗan ludo domin a san ko abin da jarumi ya yi niyya ya yiwu. Dokokin wasan suna cikin littattafai ne, kuma an sha sake rubuta su. Yawan sauyin da ya dace a yi tsakanin bugu da bugu ya daɗe yana jawo muhawara tsakanin masu wasan.

Tarihin bugunan

Tsakanin 1977 da 1979 TSR ya fitar da Advanced Dungeons & Dragons a cikin littattafai uku. Bugu na biyu ya fito a 1989. Bai taɓa ginshiƙin dokokin sosai ba, amma ya sauya sunayen shaiɗanun da ke cikin wasan saboda ƙorafin wasu iyaye da ƙungiyoyin addini.

Kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR a 1997, ya fitar da bugu na uku a 2000. Wannan bugu ya ɗora yawancin hukunce-hukuncen wasan a kan ɗan ludo mai fuska 20, ya kuma zo da lasisin da ya ba wasu kamfanoni damar buga littattafai bisa dokokinsa. A 2003 aka yi masa kwaskwarima, aka kira shi bugu na 3.5.

Bugu na huɗu, na 2008, shi ne ya fi nisa da waɗanda suka gabace shi. Ya mayar da hankali kan faɗa a kan allo mai gida-gida kamar na dara, kuma tsofaffin littattafai ba sa aiki da shi. Masu wasa da yawa sun ƙi karɓarsa. A 2009 kamfanin Paizo ya fitar da wasan Pathfinder bisa dokokin 3.5, wanda ya zama babban abokin hamayyarsa a kasuwa.

Bugu na biyar ya fito a 2014 bayan an ba jama'a damar gwada dokokin tun daga 2012. Ya sauƙaƙa lissafi, ya kuma dawo da wasu abubuwan da aka sani a da. A 2024, lokacin cikar wasan shekara 50, aka fara sake fitar da manyan littattafan da gyare-gyare, ba tare da an kira su bugu na shida ba. Kamfanin ya ce za a iya haɗa su da littattafan labarai na bugu na biyar.

Muhawara kan sauyi

Masu goyon bayan babban sauyi suna cewa dokoki kan taru su yi nauyi idan aka daɗe ana ƙara musu littattafai, har sabon shiga ya kasa gane su, don haka gara a rushe a sake gini. Masu adawa kuma suna cewa mutum ya kashe kuɗi wajen sayen littattafai, ya shafe shekaru yana koyon dokoki, kuma wasu rukunonin abokai kan yi shekaru suna bin labari guda da jarumai iri ɗaya. Idan sabon bugu ya yi watsi da wannan duka, jama'ar wasan kan rabu biyu, kamar yadda ya faru bayan 2008.

Ƙaramin sauyi ma bai tsira daga suka ba. Lokacin da 3.5 ya fito shekara uku kacal bayan bugu na uku, wasu sun yi ƙorafin cewa an sa su sake sayen littattafai saboda gyaran da bai taka kara ya karya ba.

Wasu wasannin sun bi wata hanya dabam. Call of Cthulhu, wanda kamfanin Chaosium ya fara bugawa a 1981, ya riƙe ginshiƙin dokokinsa har zuwa bugu na shida, ta yadda ake iya amfani da tsofaffin labaransa da sababbin littattafai. Akwai kuma masu wasan da suka koma ga dokokin shekarun 1970 da 1980, suna buga sababbin wasanni a kan tsarinsu.