Matashin Ruwa a Bangon Hanji: Tarihin Allurar da Ta Sauƙaƙa Cire Tsiro

A Sunke da sauran ƙauyukan Anka, Gummi da Bukkuyum, wanda ya ga jini a bayan gida yakan ce basir ne, ya nemi jiƙo. Sau da yawa hakan ne. Amma wani lokaci jinin daga tsiro yake fitowa, wato ɗan ƙullutun da ke tohowa a fatar cikin babban hanji, wanda kan rikiɗe ya zama sankara bayan shekaru. Daɗewa aka yi kafin likitoci su gano yadda za su cire shi ba tare da an farke ciki ba.

A 1969, a asibitin Beth Israel da ke birnin New York, Hiromi Shinya da William Wolff suka zura zargen waya ta cikin bututun leƙa hanji, suka shaƙe wuyan tsiro, suka yanke shi da wutar lantarki. Wannan ya yi wa tsiro mai wuya daidai. Matsalar ita ce tsiron da ya shimfiɗu a jikin hanji kamar tabarma. Kaurin bangon hanji 'yan milimita ne kawai. Idan zafin wutar ya ratsa zuwa tsoka, hanji ya huje, ƙazanta ta malala cikin ciki, rai ya shiga haɗari.

Ashe maganin ya riga na'urar zuwa. Tun 1955 wani likitan fiɗa a Amurka, Rosenberg, ya nuna cewa idan aka yi allurar ruwan gishiri, irin na ƙarin ruwa, a ƙarƙashin tsiro, sai ya taso ya rabu da tsoka, ruwan ya zama matashi tsakaninsu. A 1973 Peter Deyhle da abokan aikinsa suka haɗa wannan dabara da zargen waya.

Sai dai ruwan gishiri ba ya daɗewa. Cikin 'yan mintoci matashin ya sace. Likitocin Japan, inda sankarar tumbi ta yi yawa, su ne suka dage wajen neman madadi. A 1999 Hironori Yamamoto ya gabatar da amfani da sinadarin hayaluronik, ruwa mai yauƙi da a da ake tatsowa daga zankon zakara. Yana daɗewa, amma yana da tsada. Akan kuma ɗiga wa ruwan allurar launin shuɗi, dangin shunin da ake rini da shi a Ƙofar Mata ta Kano, domin likita ya ga iyakar inda zai yanka.

Kamfanoni ma sun shigo da nasu haɗin. A ƙarshen 2022 kamfanin Boston Scientific ya janye ruwansa mai kauri, ORISE, daga kasuwa, bayan an gano cewa ragowarsa na iya haddasa kumburi mai kama da ƙari, har ta kai an yi wa wasu majinyata fiɗa. Darasin a fili yake: abin da ake so shi ne ruwan da zai tsaya muddin aiki, sannan ya ɓace ba tare da barin sawu ba. Shi ya sa har yau ruwan gishiri mai araha bai bar ɗakunan aiki ba.

Amfanin cire tsiro kuwa an auna shi: binciken da aka wallafa a Amurka a 2012 ya nuna ya rage mace-macen sankarar hanji da kashi 53 cikin ɗari. Saboda haka abin da ya raba mutumin Sunke da wannan rahama ba ruwan allura ba ne. Nisan hanya ce zuwa Gusau ko Sakkwato, da kuɗin gwaji, da kuma kalmar basir da ke jinkirta tafiyar har tsiro ya wuce abin da zargen waya zai iya kamawa.