Adana Bayanai Da Kare Sirrin 'Yan Kasuwa A Dokar Cinikin Amfanin Gona Ta Amurka

A shekarar 1937 ne Majalisar Dokokin Amurka ta zartar da Dokar Yarjejeniyar Cinikin Amfanin Gona, bayan faɗuwar farashi da ta durƙusar da manoma a farkon shekarun 1930. Dokar ta bai wa Sakataren Aikin Gona ikon kafa ƙa'idojin ciniki a kan madara da 'ya'yan itatuwa da kayan lambu. Waɗannan ƙa'idoji suna hawa kan dillalai da kamfanonin da ke sayen kaya daga hannun manoma domin sarrafawa ko kaiwa kasuwa.

Wajibcin adana bayanai

Wajibi ne kowane dillali ya miƙa wa hukuma bayanan da za su nuna ko yana bin ƙa'ida. Domin tabbatar da gaskiyar rahotonsa, hukuma tana da ikon duba littattafan lissafinsa da kwangiloli da wasiƙu, har da kwafin takardun harajinsa. A cinikin madara, ana ajiye irin waɗannan takardu na tsawon shekara 3, saboda da su ne ake tantance yawan madarar da aka karɓa, da abin da aka sarrafa ta zuwa gare shi, da kuɗin da ya kamata a biya masu kiwo. Haka kuma, dokar 1930 mai kula da ɗanyen kayan lambu da 'ya'yan itatuwa ta wajabta adana bayanan kowane ciniki, kuma ƙa'idojinta sun sanya shekara 2. Wanda ya saɓa, ana iya dakatar da lasisinsa har zuwa kwana 90.

Wajibcin kare sirri

Tun da doka ta tilasta wa ɗan kasuwa buɗe littattafansa, ita ce kuma ta ɗora wa ma'aikatan gwamnati nauyin riƙe amanar abin da suka gani. Dalili kuwa shi ne, idan farashin dillali da sunayen masu saye a wurinsa suka kai kunnen abokan hamayyarsa, kasuwarsa na iya rushewa, sauran kuma su ƙi faɗin gaskiya. Saboda haka ana bayyana bayanan ne a gaban kotu ko zaman sauraren ƙara da gwamnati ke ciki, kuma iyakar abin da ya shafi shari'ar.

Sai dai an yarda hukuma ta buga alƙaluma na jimla waɗanda ba su nuna bayanin wani mutum guda ba. Har ila yau, tana iya bayyana sunan wanda ya karya ƙa'ida tare da sashen da ya karya.

Hukunci

Duk ma'aikacin da aka samu da laifin fallasa sirrin, zai fuskanci tarar da ba ta wuce dala 1,000 ba, ko ɗaurin da bai wuce shekara 1 ba, ko duka biyun, sannan a tuɓe shi daga muƙaminsa.